Yaro ya fada betin: yadda zaka bi dashi tun daga waya har zuwa bashi

Salamu alaikum jama'a. Wannan na iyaye ne da yayye da kawunnai, da duk mai rike da yaro dan shekara 13 zuwa 19 a zangunanmu na Kumasi, Aboabo ne ko Asawase ko Sawaba ko Tafo Zango, duk kanwar ja ce. Maganar caca ce, betin kwallo da na waya da injin jakpot din nan da ake ajewa a bayan kiyos, har da loto.

Ga abinda nake so ku rike tun yanzu. Dokar Ghana, Gaming Act ta 2006, wato Act 721, ta hana wanda bai kai 18 ba yin caca, kamfanonin kuma suna tambayar shekaru kafin su bude asusu, kudin kuma ta momo, wato asusun kudi na layin waya, yake shiga ta momo yake fita. Toh yaro dan 15 ta ina ya bi? Sau da yawa ta wajen babba ya bi, ko layin Mma da ta bashi ya tura mata kudin wuta ya haddace pin, ko Ghana Card din yayansa, ko wani babban yaro a bes, wato wajen zaman samari, da yake karbar kudin kanana yana buga musu a asusunsa. Aikinka shine ka gano wannan hanyar ka toshe ta, kuma yaron yaci gaba da yi maka magana, dan in ka toshe hanya amma ya daina fada maka gaskiya wallahi wata zai nemo, kuma wannan karon bazaka sani ba.

Da farko ka tabbatar, kar ka tada gida da zato

Son kwallo ba laifi bane, kowa a zango yana da kulob. Abinda zaka lura dashi shine yaron da yake Chelsea tun yana karami amma yau ransa ya baci saboda wani kulob na Turkiyya da ko sunansa bai iya fada ba ya kasa cin kwallo ta biyu, ko kaji yana tambayar bugun kwana nawa aka yi, katin gargadi nawa aka bayar. Mai kallo dan nishadi baya kirga kwana. Sai kuma kalmar da bata boyuwa a bakinsu, "wasa daya ne ya yanke min".

Sauran alamun na kudi ne. Kudin makarantar sati ya kare ran Talata, canjin aike baya dawowa ko ya dawo da dogon labari, caja ta bata, ayan din guga ya bata, sannan kwatsam wata rana gashi da kudi yana saya wa abokai waakye da kwai da kifi. Iyaye da yawa ranar rashin suke gani, ranar samun kuwa sai su ce Allah ya yi wa yaro budi, alhali ranar samun ita ta fi hadari dan ita ce take daure shi. Ga kuma hasken waya a karkashin zani karfe biyun dare, da safe a sha fama kafin ya tashi asuba.

In ka ga biyu ko uku cikin wadannan, dauki wayar da kake zargi ka duba tarihin momo. A MTN in ka danna *170# ka shiga My Wallet akwai wajen ganin shige da ficen kudi, in kuma layin da sunanka yake zaka iya zuwa ofishinsu da Ghana Card dinka ka nemi na watanni. Kar ka dogara da sakonnin tes, yaro yana goge su kafin ya dawo maka da wayar. Abinda kake nema kananan kudi ne masu maimaituwa, sidi 2, sidi 5, sidi 10, suna tafiya waje daya, wani lokacin sau da yawa cikin awa guda. Ka duba ko an ci bashin Qwikloan da layin baka sani ba. Samu karamin littafi ka rubuta kwanan wata da adadi, ka hada jimla, wannan littafin zai maka aiki har karshen tafiyar.

Ka fahimci abinda ke damunsa kafin ka bude baki

Nasan wasu zasu ce ai iskanci ne kawai, a zane shi. Ku dan saurara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa caca mai kama mutum cikin jerin cututtuka, a sahu daya da jarabar kwaya, kuma bangaren gaba na kwakwalwa, wanda yake cewa mutum dakata, baya gama nuna sai wajen shekara 25. Yaro dan 16 yana da kwadayin a cike amma birkin bai gama haduwa ba.

Abu biyu ne suke rike shi. Na farko saura kiris, ya zabi wasa goma tara sun shiga daya ya yanke, a lissafi ya fadi ne kawai kudinsa ya tafi, amma a ransa ji yake ya kusa, gobe ne. Na biyu bin asara, ya sa sidi 20 na Mma ya tafi, yanzu ba arziki yake nema ba, so yake ya maida 20 din kafin a gane, sai ya ranci 30 ya sake sawa, daga nan abin ya zama 50, haka dai. Yawancin yaran da suka kai ga sata ta nan suka bi, tsoro ne ya kai su.

Kuma ba duk betin ne daya ba. Wanda yake jiran wasan Asabar yana da kwana shida na hutu. Wanda ya koma Aviator, jirgin nan da yake tashi kana kallon kudi yana ninkuwa sai ya bace, ko kwallon kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintuna, shi ba dare ba rana, zagaye yana karewa wani yana farawa, kudin wata zai iya narkewa tsakanin magariba da isha'i. In ka tarar nan yaron ya kai, ka kara sauri. Kuma kar a ce 'yan mata basa ciki, wannan na waya a daki ake yinsa ba sai an shiga shago ba.

Zaman magana

Wannan zaman shi ne komai, dan haka a zabi mai yinsa. Ba dole sai Baba ba, in Baba mai zafi ne a bar wa kawu ko yaya ko Mma, duk wanda yaron yake iya kallo ya fadi laifinsa. Mutum daya, in yayi yawa biyu. Banda tsakar gidan haya inda dakuna goma suke kasa kunne, banda gaban kannensa, banda daren da tikitinsa ya yanke yana huci. Ku fita tare kamar zaku aike, ko bayan isha'i a daki.

Kar ka fara da "kana caca?" dan zai ce a'a, kuma daga nan dole ya kare karyarsa. Ka fara da abinda ka riga ka sani. Misali yaya ya ce wa kaninsa, "Na duba layin Mma, naga inda kudin yake zuwa, ba duka na kira ka ba kuma ba tonon asiri, so nake in san girman abin mu san ta inda zamu kama." Sai kayi shiru. Shirun zai yi tsawo, ka barshi.

Tambayoyin da kake bukatar amsarsu kadan ne, yaushe ya fara, da asusun wa yake bugawa, su wa suke binsa bashi kuma nawa, akwai kayan wani da ya dauka ko ya jinginar. Adadin farko da zai fada ba shi bane, kusan kullum ya fi haka, dan haka kar ka rantse ka ce in na sake jin wani bashi kaza da kaza, ka ce masa "in ka tuna wani gobe ka zo ka fada min". Barin kashi a ciki baya maganin yunwa, amma yaro bazai fitar ba in ya san bulala ce a gaba.

Maganar bulala kuwa ni dai ban ga inda ta biya bashi ba. Abinda take koya wa yaro shine ya kara iya boyewa.

Ku yi lissafin tare, da biro da takarda

Yaran nan suna jin wa'azi kullum, abinda basu taba ji ba shine wani ya zauna ya nuna musu yadda kamfani yake cin riba, kuma da yawansu sun yarda cewa su sun san kwallo shiyasa zasu ci. Toh ka bashi biron shi ya rubuta.

A ce wasa ne da bangare biyu suke daidai wa daida, kamar jefa kwabo. Adalci shine ka sa 10 ka ci 20. Kamfani bazai baka ninki 2.00 ba, zai baka kamar ninki 1.90, wannan ninkin shi ake kira ods. Ce masa ya sa sidi 10 a wannan gefen, sidi 10 a wancan, dole daya ya shiga ai, nawa ya fitar? 20. Nawa ya dawo? 19. Wannan sidi dayan shine abincin kamfani, kuma yana cikin kowane wasa a kowane tikiti, ko wa ya ci kwallo.

Sai dogon tikiti, wato a hada wasanni da yawa dole duka su shiga, wanda yafi rudar su dan sidi 2 yana nuna dubbai. A ce ya kware sosai, kowane wasa da ya zaba damar shigarsa 70 cikin 100 ne. Ya danna 0.7 sau 0.7 har sau goma a kalkuletar wayarsa, zai ga kusan 0.028, wato cikin tikiti 100 irin wannan ko uku basu cika shiga ba. Kuma cikin masu yankewar da yawa wasa daya ko biyu ne zai yanke, dan haka "saura daya" ba alamar ya kusa bace, haka lissafin yake fitowa ga kowa.

Loto ma haka. A 5/90 lamba 5 ake zarowa cikin 90, damar lambobinka biyu su fito tare daya ce cikin kusan 400, amma in sun fito ninki 240 ake biya. Ka tambaye shi ragowar ina ta tafi.

Masu sayar da "shuwa ods", wato wasannin da suke cewa tabbas zasu shiga, a Telegram da WhatsApp kuwa tambaya daya ta ishe su, wanda ya san sakamakon wasan gobe me zai yi da sidi 20 dinka? Dabarar tsohuwa ce, a tura wa rabin mutane wannan kulob zai ci, rabi a tura musu dayan, wadanda tasu ta shiga su dawo da kudi suna godiya, a dauki hoton godiyar a jawo wasu. Zai iya ce maka ai yanzu gwamnati ta cire haraji, gaskiya ne, harajin kashi 10 da aka dora kan kudin da aka ci a 2023 an soke shi a 2025, amma wancan sidi dayan na kamfani yana nan inda yake.

Toshe hanyoyin kudi, a ranar ba sai gobe ba

Pin din momo na duk gidan a canza, kuma dan Allah iyayenmu mata a daina mika waya ana cewa "tura wa wance hamsin", in karatun ne matsala a je wajen ejen ko a sa babbar 'ya ta danna a gabanki. In an ci bashi da layin a biya a rufe maganar.

Asusun betin din kansa goge manhaja baya rufe shi, minti biyu ya isa ya sauko da ita. Ku zauna tare ku shiga, in akwai ragowar kudi a cire, sannan a nemi wajen rufe asusu ko hana kai shiga, kamfanonin da suke da lasisi suna da shi, in baku gani ba ku rubuta wa masu kula da kwastoma cewa wanda yake amfani da asusun bai kai 18 ba a rufe. Ka dauki hoton sakon ka aje. In anyi biris da kai, Gaming Commission ita take bada lasisi kuma ita ake kai wa kara. In asusun da katin wani babba aka bude, yaya ne ko makwabci, a same shi ido da ido a fada masa ya rufe, ba fada ba amma ba wasa.

A wayar yaron a sa manhajar BetBlocker, kyauta ce, tana toshe shafukan caca na tsawon lokacin da ka zaba, ga kuma Family Link na Google in Android ce, yana hana sauko da sabuwar manhaja sai da izininka. Ya fita daga guruf guruf din ods a gabanka. Da dare waya ta kwana a dakin Mma tana caji. Zai iya aron ta aboki, eh, amma ka rage masa daren, kuma daren ne yafi cin kudi.

Kudin hannu ya koma na kullum maimakon na sati, kuma abinda za'a iya biya kai tsaye a biya, kudin lesin a hannun malamin, kudin koko da kose a hannun mai kokon. In yana koyon aiki a Suame Magazine ko wajen tela ko yana bin pragya, keken nan mai kafa uku, a nan ne kudi yake shigo masa wanda gida bai sani ba, sai a samu masta a kebe, a roke shi abinda yake bashi ya raba, na abinci a hannu, ragowar a zuba a susu da sunan yaron amma katin yana hannun babba. Ka nuna masa katin duk karshen wata ya ga kudinsa yana taruwa, kar ya ji kamar kwace ake masa.

Injin jakpot na lungu kuwa ba aikin mutum daya bane, kuma kar matasa su je su fasa su jawo wa kansu kes. A fara da mai gidan da ya bada waje, in ya ki a hada da asambuliman da limamin unguwa da sarkin zango, a kai wa 'yan sanda da Gaming Commission cewa yara 'yan makaranta suna bugawa a wajen.

Bashi

Anan iyaye suka fi kuskure saboda kunya. Ana jin yaro yana da bashi sai a dunkula kudi a bashi a ce je ka biya kar a ji, shi kuma yana fita shaidan ya ce masa sa rabi ka ninka. Kudi kar ya bi ta hannunsa. A rubuta masu bashin a littafin nan, a fara da wanda yake masa barazana ko yake rike da kayan wani, babba ya je da kansa ya biya, ya kuma ce wa mai bashin daga yau in ka sake ranta masa kai ka sani. In kayan makwabta ya dauka ku je tare ya bada hakuri da bakinsa, sau daya, a rufe, kar ya zama abin gori duk ranar da yayi laifi.

Sannan ya biya gida, ko da kadan kadan ne, daga kudin susu ko aikin Asabar a shagon kawu. Ba dan kudin ba, dan ya san nauyin abinda ya tafi. Kuma a fada masa tun yanzu cewa wannan biyan na farko shine na karshe.

Asabar da Lahadi

Ka cire masa abinda yake cika masa rai, in baka sa wani abu a wajen ba zai koma. Lokacin da yafi wuya shine yammacin Asabar da Lahadi da daren gasar zakarun Turai. Wasu suna hana kallon kwallo gaba daya, ni ban goyi baya ba sai dai na 'yan makonnin farko in shi da kansa yace kallon yana tada masa abin. Abinda nake gani shine a raba shi da kallo a shagon betin, ya kalla a gida ko tare da yayansa, waya a aljihun yayan, in da hali a kai shi filin wasa na Baba Yara ya ga Kotoko da idonsa, ko ya koma buga tasa kwallon a fili. Bes din da yake zama shan ataya in duk 'yan ods ne, sai an hakura dashi na wani lokaci.

Malamin makarantarsa yana da amfani sosai in mai rufin asiri ne. Yaron ya san caca haramun ce, ya karanta aya ta 90 da 91 a Suratul Ma'ida, abinda yake bukatar ji daga bakin Malam shine kofar tuba a bude take kuma ba'a cire shi daga cikin mutane ba. A roki Malam kar ya buga misali dashi a gaban dalibai. A yi addu'a, a kuma canza pin, duka biyun.

Wani abu mai daci kuma dole a fada, in Baba yana da takardar loto a aljihun riga, ko yaya yana tura kod din tikitin betin a status, duk abinda na rubuta a sama bazai yi aiki ba sai sun fara da kansu.

In ya koma, da lokacin zuwa asibiti

Zai iya komawa, da yawa suna komawa, musamman ranar da kudi ya shigo masa kamar goron sallah. Kar a ce shikenan ya lalace. A tambaya ta ina kudin ya bi wannan karon, wayar wa, a toshe nan din ma, a ci gaba. Ku sa rana daya a sati, kamar Juma'a bayan masallaci, ku duba momo da littafin tare, minti goma ya isa, in satin ya wuce lafiya a fada masa an gani.

Amma akwai inda gida kadai bazai iya ba. In an toshe komai yana ta fasa wa, in ya daina zuwa makaranta ko wajen aiki, baya barci baya cin abinci, in tramol ko wiwi sun shigo ciki, a kai shi ya ga masu lafiyar kwakwalwa. Asibitin Komfo Anokye, Gee dinmu, yana da sashen, asibitocin gwamnati na gundumomi ma suna da nas nas masu wannan aikin, ka tambaya a teburin karbar kati. Ba sai mutum ya haukace ake zuwa ba, magana ce ake zama ayi dashi a koya masa yadda zai rike kansa in abin ya taso.

In kuwa ka ji yana cewa gara ya mutu, ko ya huta kowa ya huta, ko da cikin wasa ne, wannan ba'a jira gobe. Kar a barshi shi kadai, a kwashe magunguna da maganin kwari da duk abinda zai iya cutar da kansa dashi, a tafi asibiti a ranar, in abin ya faru da dare a kira 112. Kar tsoron 'yan sanda ya hana ku, tun 2023 majalisa ta cire yunkurin kashe kai daga cikin laifuka a Ghana. Ku tafi da katin inshorar lafiyarsa na NHIS da littafin nan na lissafi, likita zai tambayi yaushe abin ya fara da nawa ya tafi, kuma kafin ku fito ku tabbatar an rubuta muku ranar dawowa.